A Sauko wa Baba Ladan da Lasifika

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Masallacin Layinmu,
Nassarawa GRA, Kano,
da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata Alhaji yana lafiya, da iyali da harkoki. Allah ya karɓi azumin da muka yi, ya maimaita mana, ya saka muku da alheri kan hidimar ɗakin Allah da kuke yi ba da albashi ba.

Sunana Ɗanlami, takalma nake sayarwa a kasuwa, gidana yana Gama. Ba lalle Alhaji ya san sunan ba, amma ya san fuskar: ni ne mai jingine babur a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, wanda direbanku ke yi wa hon. Ina auren Asabe, 'yar Baba Ladan. Wato maganar surukina zan yi, kuma Alhaji ya san nauyin wannan. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yau kuma ga ni zan baje maganar ƙafafunsa a allon sanarwa. Da na sami wata hanya da na bi ta. Na je gidan Alhaji, mai gadi ya ce ana hutawa. Na koma, ya ce an yi tafiya. Na tare Malam Sakatare bayan la'asar, ya saurare ni da kyau, ya ce za a duba. Ni ɗan kasuwa ne, na san "za a duba". Ita nake faɗa wa wanda ya kawo mini kayan da ba zan saya ba.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne na ji kwamiti zai zauna bayan Juma'a mai zuwa, a yanke ko za a sallami Baba daga kiran sallah gaba ɗaya, a tabbatar da Malam Nura, malamin islamiyyar da ke riƙe da wurin tun cikin azumi. Kafin ku yanke, ina so ku ji abin da shi Baba ba zai taɓa gaya muku da bakinsa ba.

Alhaji ya fi ni sanin tarihin wurin nan, amma akwai sababbin mazauna da za su karanta. Baba ya zo layin nan yana saurayi daga ƙauyensu ta wajen Ringim, ya kama gadi a gidan marigayi mai jan ƙofa, wanda 'ya'yansa suka bar masa ɗakin baya har yau, Allah ya saka musu. A lokacin babu masallaci. Duwatsu aka jera a gindin bishiya, masu gadi da direbobi da masu ban ruwan fulawa suke taruwa. Idan lokaci ya yi sai a kalli juna, shi ne mai murya, sai ya miƙe ya sa yatsu a kunne ya kira. Ba wanda ya naɗa shi. Aka yi rumfar kwano yana kira, aka yi ginin bulo yana kira. Yaran da aka haifa a layin nan, waɗanda yanzu suke zuwa Juma'a da nasu yaran a bayan mota, da muryarsa suka san asuba.

Ni na fara gane akwai matsala, kuma ba don wayo ba, don sana'a. Mai takalma ƙafar mutum yake fara gani kafin fuskarsa. Duk ƙaramar sallah nakan kai wa Baba sabon takalmi in ɗauke tsohon. 'Yan shekarun baya na juya tsohon, na ga gefen waje ya cinye har ya kusa hujewa, gefen ciki kuwa, wajen babbar yatsa, kamar jiya aka sayo shi. Mutum ba ya taka ƙasa haka sai idan akwai abin da yake gudu. Ban iya tambayarsa ba, ta ina zan fara? Na kai wa Asabe takalmin na nuna mata. Ta je da safe ba ta sanar ba, ta tarar da shi zaune a bakin gado ya riƙe ƙafa da hannu biyu, yana jira ta saki kafin ya taka. Gindin babbar yatsa ya kumbura ya yi ƙulli, idon sawu ya yi tauri. Ta ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce, "Ke dai miƙo mini buta. Tsufa ne, ba ciwo ba."

Kafin mu kai ga asibiti mun yi abin da kowa ke yi. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Aka shafa man kaɗanya, aka shafa man zaitun, aka shafa wani man zafi da ke sa duk wanda ke ɗakin hawaye. Wani mai mota da lasifika ya sayar masa da jiƙo a jarka, wai yana maganin sanyin ƙashi da basir da ciwon ido duk a kurɓa ɗaya. Da an tambaye ni da na ce a bar shi ya wuce, don na san irinsa, ɗan'uwana ne a sana'a, bakinsa ne kayan. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne haɗin da wani mai kemis ya ƙulla masa a leda, ƙwayoyi kala-kala marasa suna. Yana sha sai ya miƙe kamar saurayi, muka yi ta godiya ga Allah. Ba a jima ba fuska ta fara kumbura, ciki ya fara ƙuna. A nan Asabe ta tsaya a kansa, ta ce ko ya hau babur ɗina ko ta kwana a ƙofar ɗakinsa. Ya hau. Duk tafiyar bai riƙe ni ba, ƙarfen baya ya riƙe.

A asibitin ƙashi muka samu wata likita mai haƙuri. Aka ɗauki hoto, ta ɗaga ta nuna mana. Ta ce amosanin gaɓɓai ne: guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi a gindin babbar yatsa da idon sawu ya zaizaye, ƙashi ya koma gugar ƙashi. Ba ta yi mana kwana-kwana ba, ta ce ba ya warkewa, amma ana zama da shi idan aka lallaɓa shi. Ta hana haɗin nan, ta rubuta magani sananne, ta ce kada a sha da wofin ciki, kada kuma a mai da shi goro saboda ƙoda. Ta ba da man shafawa. Ta ce da safe a tsoma ƙafa a ruwan ɗumi kafin a taka, a riƙa juya idon sawu da motsa yatsu a hankali, a riƙa mirgina kwalba a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ta ce kada ya zauna ya ce hutu ne, gaɓar da aka daina motsawa ƙara ƙagewa take yi, amma tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ake so, ba hawa da sauka ba. Ta ce a rage ƙiba, sai ta dube shi ta yi dariya, ta ce wannan ba da shi take ba. Abin da ta fi nanatawa biyu ne: kada ya taka ƙasa mai tauri ba takalmi, kuma ya guji matakala.

Sannan ta sassauta murya, ta ce ita ma mai sallah ce, ta san sujada da zaman tahiya, inda ake kafa yatsun ƙafa a lanƙwasa su, su ne suka fi cin wannan gaɓa. Ta ce ya tambayi malamansa game da zama a kujera. Baba ya ce, "'Yata, ni a bayan liman nake tsayawa." Ta miƙo mana takardar magani muka fito.

Muka dawo muka raba aiki. Asabe ke zuwa da magani da man shafawa. Maman Talatu, mai dafa abinci a gidan da yake zaune, mutuniyar Kafanchan, ba sallah take yi ba, amma ita ke cika masa filas da ruwan zafi kafin ta kwanta don ya samu na sirkawa da asuba. Ni takalmi ne nawa. Likita ta ce mai faɗin baki, mai taushi a ciki, mai kaurin ƙasa wanda ba ya lanƙwashewa. Na kawo kambas mai kyau, Baba ya dube shi ya ce wa 'yarsa, "In sa babbar riga da takalmin 'yan ƙwallo? Sai dai ki sayo mini usur." Na koma na birkice shaguna har na samo wani baƙi, rufaffe, mai kamala, wanda cikinsa kamar katifa. Na ce wa Asabe ta ce masa irin na dattawan Madina ne. Allah ya yafe mini, daga Aba aka kawo shi. Sanda ma sai da aka tuna masa liman na riƙe ta a huɗuba kafin ya yarda ya karɓa.

Kuma wallahi, Alhaji, abin ya yi aiki. Kumburi ya sauka, tafiya ta miƙe, ya daina taka gefe. Takalmin da na ɗauke a shekarar da ta biyo baya daidai ya cinye, hagu da dama. Na daɗe ban yi murna da tsohon takalmi irin ta ranar ba.

Sai aka zo gyaran masallaci kafin azumin bana. Ba zan zama marar godiya ba: masallacin ya yi kyau. Na kawo abokan kasuwa sun gani, sun ɗauki hoto. Wanda ya ba da dukiyarsa Allah ya gina masa gida a Aljanna, ku da kuka tsaya kan aiki Allah ya ba ku ladan tsayuwa. Na kuma san babu wanda ya zauna ya shirya cutar da tsoho. An dai yi zanen ne da masu lafiyar ƙafa a rai. Ga abin da ya fito:

Na farko, wurin ajiye takalma. Da a bakin ƙofar shiga yake, mutum ya cire ya taka darduma. Yanzu an mai da shi ƙofar waje, an shimfiɗe farfajiya da tayil, an rubuta cewa ba a shiga da takalmi. Na fahimci dalili, tsafta ce. Amma ga Baba wannan na nufin ya ratsa farfajiyar nan ba takalmi, shiga da fita, kowace sallah. Da asuba tayil ɗin kamar ƙanƙara, da azahar kamar tanda. Duk abin da ruwan ɗumin Maman Talatu ya gyara, kafin ya kai ƙofa tayil ya warware shi.

Na biyu, wurin alwala. An rushe dakalin siminti da ake zama a kai, an sa famfuna masu sheƙi a jere da kwatami a ƙasa. Mai wanke ƙafa sai ya tsaya a kan ɗaya ya ɗaga ɗaya. Baba ya daina alwala a nan, a ɗaki yake yi ya taho. Idan ta karye masa tsakanin magariba da isha'i sai ya koma gida, ya sake ratsa tayil sau biyu.

Na uku, kujeru. Da akwai 'yan kujerun roba a ƙarshen sahu. An fitar da su baranda, aka ce ƙafafunsu na huda sabon kafet kuma suna karkata sahu. Kafin gyara mun fara shawo kan Baba, har ya yarda ya riƙa zama a nafila. Da kujera ta koma baranda maganar ta mutu. Mutumin da shi ke tayar da iƙama, shi ke ɗaga kabbara idan wuta ta ɗauke, ba zai koma waje ya bi sallah ta taga ba. Don haka yana nan a bayan liman, yana kafa yatsun nan yana lanƙwasa su. Wanda ke kusa da shi a sahu ya san yadda numfashinsa ke canzawa a sujada ta biyu. Ni na sani, don da gangan nake tsayawa a nan, in ya zo miƙewa in matsa kafaɗa kusa, shi kuma ya dafa kamar bai lura ba.

Na huɗu shi ne babba. An ɗauke lasifika da na'urarta daga gefen mumbari an kai ɗakin sama kusa da hasumiya, saboda ɓarayi sun taɓa kwashe ta. An ba Baba makulli, har da cewa an girmama shi. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ba wanda ya tambaye shi ko zai iya hawa, shi kuma ba a haife shi da bakin cewa ba zan iya ba. Matakalar nan ƙunci gare ta, tana murɗewa, babu abin dafawa. Sai ya koma fitowa tun da sauran lokaci sosai, ya hau ya huta, ya hau ya huta. Ga azumi, maganin da yake sha da rana babu hali. Mu ba mu sani ba. Asabe ta ga kumburi ya dawo, ya ce mata gishirin kunun buɗa-baki ne. Kunu da gishiri, Alhaji.

Yanzu ranar da kowa ya riƙe. Cikin goman tsakiya, magariba ta yi, masallatan nesa suka ɗauka, namu shiru. Na san yadda abin ya kasance a gidaje, don ni ma mai azumi ne: dabino a hannu, kofi a gaba, yara na kallon uba, uba na kallon agogo. Wasu sun sha da kiran nesa, wasu sun jira har ransu ya ɓaci. Kafin isha'i maganar ta zaga wayoyin layi cewa ladan ya tsufa, ya yi barci, ya riƙe wa mutane baki. Washegari aka ce Malam Nura ya riƙa kira kafin a ga abin da za a yi.

Ba barci ya yi ba. Malam Audu mai gadin masallaci ne ya gaya mini, kuma yana nan, a tambaye shi. Baba ya kai tsakiyar matakala, idon sawun dama ya ƙage. Ya kasa hawa, ya kasa sauka. Ya ga rana ta faɗi ta 'yar tagar da ke wurin. Sai ya ja jiki ya dafa bango, ya sa bakinsa a tagar, ya kira sallah da muryarsa tun daga farko har ƙarshe, a kan lokaci. Masu gadin gidajen kusa sun ji, da kiransa suka sha ruwa. Waɗanda ke cikin falo da janareta a kunne ne ba su ji ba. Malam Audu ya hau ya goyo shi ya sauko da shi, Baba yana ce masa, "Audu, ka rufa mini asiri." Audu ya rufa har ƙaramar sallah ta wuce, sai da ya ji batun sallama ya kira ni gefe.

Tun daga ranar bai ce wa kowa komai ba. Ya miƙa makulli, yana zuwa kowace sallah, yana tsayawa inda ya saba. Amma Asabe ta ce idan lokaci ya gabato yakan gyara hula ya yi gyaran murya, sannan ya tuna, sai ya ɗauki carbi. Abincin da take kai masa rabi yake dawowa. Atisayen ƙafar da yake yi kullum ba fashi ya daina, kwalbar tana ƙarƙashin gado. Da ta yi masa faɗa ya ce, "A gyara ta ta kai ni ina?" Wannan kalma ce ta sa na ɗauki biro.

Kada a ɗauka alawus nake bi masa. Abin da ake ba shi ba ya sayen maganinsa, kuma Allah ya rufa mana asiri, cinsa da shansa ba su gagare mu ba. Ba kuma ina ƙin Malam Nura ba ne. Muryarsa na da daɗi, karatunsa ya fi na Baba, kuma mutumin kirki ne, shi da kansa ya ce mini kunya yake ji duk lokacin da ya wuce tsohon zai hau sama. Abin da nake cewa shi ne murya ba ta mutu ba, lokaci bai ɓace masa ba, ƙafa ce ta gaza, ita ma a kan matakala. A kasuwa idan dunduniyar takalmi ta cinye ba ma jefar da shi, muna kai wa mai gyara.

Akwai kuma abin da zan faɗa a hankali. Ba Baba kaɗai ba ne. Na ce muku ƙafa nake kallo. Na san dattawan layin nan da suka rage zuwa jam'i tun bayan gyara, ana cewa tafiye-tafiye ne suka yi yawa, alhali motocinsu na cikin gida. Mutum mai daraja ba zai so a gan shi a baranda a kan kujerar roba kamar mai jiran a sallame shi ba, sai ya yi sallarsa a ɗaki inda ba mai gani. Ba zan kira suna ba, wasu abokan cinikina ne, kuma duk sun koma neman takalmi mai faɗin baki. Alhaji ma, Allah ya ƙara lafiya, na ga ya koma ƙarshen sahu ta jikin bango, ban kuma ce komai ba.

Don haka ga roƙona, kuma duk abin da ya shafi hukuncin sallah na bar wa Malam Liman, ni ban kai nan ba.

A sauko da abin magana ƙasa. Na'urar ta zauna a sama a kulle yadda ɓarawo ba zai kai gare ta ba, a jawo waya doguwa zuwa gefen mumbari. Na tambayi masu gyaran rediyo a kasuwa, sun ce aikin yini ɗaya ne bai cika ba. Idan kwamiti ya ba da izini ni zan kawo mai yi.

A shimfiɗa doguwar tabarmar roba mai kauri daga ƙofar waje zuwa ƙofar shiga. Idan hakan zai ɓata kyan farfajiya, a yarje wa masu lalura su ajiye takalmi mai tsafta wanda ba ya taka titi, su sa shi daga ƙofa zuwa ƙofa. A mayar da dakali ko da guda biyu a wurin alwala, da ƙarfen dafawa.

A dawo da kujeru ciki. Ana sa wa ƙafafunsu robar da ke hana su cin kafet, ina da ita a shago, ta dunduniya ce amma za ta yi. Malam Liman ya duba inda ya dace kujerar ladan ta zauna a sahun gaba, kuma ina roƙonsa shi da kansa ya umarci Baba ya zauna. Malamai sun sha gaya mana addini ya sauƙaƙa wa wanda bai iya ba, Baba ma ya sani, ya sha gaya wa wasu. Daga bakin likita bai karɓa ba, daga bakin 'yarsa bai karɓa ba, ni kuwa ba ni da baki. Daga bakin liman zai karɓa, don bai taɓa saɓa masa ba.

A raba kiran tsakaninsu. Asuba ce ta fi yi masa wuya, lokacin ƙafa ba ta saki ba, Malam Nura ya riƙe ta, da duk ranar da ciwo ya motsa. A bar wa Baba sauran, musamman magariba. Ina so mutanen layin nan su sake jin ta daga bakinsa, a kan lokaci, ko da sau ɗaya ne, don kada ranar nan ta zama ita ce ƙarshen abin da za a tuna da shi.

Baba ba ya karanta boko, da ajami ya tashi, shi ya sa na samu ƙarfin halin manna wannan takarda a inda yake wucewa kullum. Na san duk da haka za ta kai kunnensa, kuma na san zai yi kwanaki bai amsa gaisuwata da kyau ba. Na yarda, zan ɗauki wannan.

Roƙona na ƙarshe ba ya buƙatar zaman kwamiti. Ko kun karɓi abin da na kawo ko ba ku karɓa ba, kada ya ji hukuncin a bakin masu gadi, kada kuma a aika masa Malam Sakatare da ambulan. Alhaji ya taka da kansa zuwa ɗakin nan, bai fi jifa daga masallaci ba. Sai dai ina gargaɗi: yana ganinku zai yunƙura ya sauko daga gado, ya durƙusa a kan yatsun nan ya gaishe ku, kuma ba wanda ya isa ya hana shi da baki. Hanya ɗaya ce. Ku riga shi zama a ƙasa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya ba kwamiti ikon yin adalci da tausayi, ya sa masallacin nan ya zama hujja gare ku ranar gobe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, waɗanda suka faɗa da waɗanda suka ɓoye. Ya kai mu tsufa da mutuncinmu, ya haɗa mu da masu lura da tafiyarmu. Idan na yi kuskure ko na wuce iyaka a yafe mini, bakin kasuwa ne.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Ɗanlami mai takalma,
Gama, Kano.